Malamin da Ya Tsaya Kallon Kulorin

Duk wanda ya san Malam Mainasara a Shagari, a tsaye ya san shi. Ko a majalisar bayan la'asar, inda kowa ke tuɓe takalmi ya miƙe ƙafa a tabarma, shi yakan tsaya a gefe ne, ya jefa magana ɗaya, kafin a juyo a ba shi amsa ya kai bakin titi. Mutane sun daina jin haushi. Sun san ba raini ba ne, haka Allah ya yi shi.

A Sifawa aka haife shi, a gidan manoman gero da albasa. Mahaifiyarsa, Inna Shatu, tana da maƙoƙo tun tana budurwa, kumburi a wuya kamar ƙaramin ƙoƙo, wanda take rufewa da gefen mayafi ko da zafi ya kai inda ya kai. Mainasara ya taso yana ganinsa bai taɓa tambaya ba, sai ranar da aka aike shi kasuwar Bodinga sayen gishiri, yana ajin ƙarshe na firamare. Ya tarar da wani ma'aikacin lafiya yana bin masu gishiri da 'yar kwalba, yana ɗiga wani ruwa a kan kowane tuli. Wani gishirin ya koma shuɗi, wani ya zauna fari fat. Mutumin ya ce wanda ya sauya launi shi ne mai aidin, kuma rashin aidin a abinci ne ke kawo maƙoƙo.

Da gudu Mainasara ya koma gida da gishirin mai aidin, yana haki, ya ce wa Inna ya samo maganin wuyanta.

Ta yi dariya, ta shafa kansa. "Wanga abu ya girme ka, Mainasara. Zamna ka sha hura."

Bai zauna ba. Ya sa ido a wuyan nan damina da rani, gishirin ya ƙare aka sayo wani, kumburin bai ragu ko kaɗan ba. Ya tambayi malaminsa dalili, malamin ya ce ya tambayi likita. Ya tambayi mai ba da magani a asibitin garin, shi kuma ya ce gishirin rigakafi ne, abin da ya riga ya girma ba ya komawa da gishiri. Amsar gaskiya ce, amma ba ta ishe shi ba. Mene ne aidin ɗin? Daga ina yake? Me ya sa ɗan abin da ido ba ya gani zai iya kumbura wuyan mutum idan babu shi? Tambayoyin nan ne suka ja shi zuwa ajin kimiyya a sakandare, suka kuma kai shi kwalejin horar da malamai a Sakkwato, inda ya karanci kemistiri.

A can ya gano cewa aidin ba shi kaɗai ba ne, yana da 'yan'uwa. A jadawalin sinadarai suna jere a layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa: fulorin, kulorin, buromin, sannan aidin, ana kiran gidansu halojin. Ya haddace komai nasu. Sai dai ɗalibai sun yi yawa, kayan aiki sun yi kaɗan. Sau ɗaya ya ga an gasa ƙwayoyin aidin a kwalba, hayaƙi mai ruwan shuni ya taso, shi ma ta saman kafaɗun mutane ya hango, yana ɗage. Sauran ukun kuwa a takarda kawai ya san su. Ya fito da shaidar koyarwa a hannu da wani ƙaiƙayi a zuciya, na mutumin da aka ba labarin gari aka hana shi shiga.

Aikinsa na farko a wata makaranta ne kusa da Bodinga. Babu ɗakin gwaji, sai allo da alli. Ya yi shekara biyu yana zana kwalabe a allo, wata safiya ya ajiye allin ya bi motar albasa zuwa kudu. Fatauci bai karɓe shi ba, don ba ya iya zaman jiran mai saye. Ya dawo ya yi aiki a wani shagon magani, ya bari. Ya shiga noman rani a fadama, kafin albasar ta kai cira hankalinsa ya tafi wani wuri, ƙanensa ne ya ƙarasa. A tsakanin nan ya auri Rahamatu, 'yar wani tela a Bodinga, mace mai sanyin magana da zafin nama a aiki. Ita ce ta ce masa wata rana, ba faɗa ba hayaniya:

"Malam, duk inda kat tahi, zancen makaranta kaka yi. Ka koma mana."

Ya koma. Aka ba shi wata sakandare a Shagari, mahaifinsa ya rasu a shekarar, sai ya ɗauko Inna daga Sifawa suka zauna tare.

A Shagari ma babu ɗakin gwaji, amma wannan karon bai yarda ya tsaya a zane ba. Ranar da ya zo kan halojin, ya shigo aji da kwando. A ciki akwai kofunan gilashi na shayi, kwalbar aidin ta sa wa ciwo, ƙwayar bitamin si, gishiri, ruwan koko da ya huce, da 'yar gorar bilic na wanke fararen kaya. Bai tsaya a gaban allo ba, kaiwa da komowa yake tsakanin bencuna yana magana.

Ya ce su huɗun 'yan ɗaki ɗaya ne, kuma yunwarsu iri ɗaya: kowannensu ilektoron ɗaya tak, wata 'yar ƙwayar lantarki, ya rage masa ya cika, don haka ba sa zama su kaɗai, kullum suna neman wanda za su ƙwace wa. Fulorin, na sama, iska ce ruwan ɗorawa mai haske, shi ne mafi ƙanƙanta kuma mafi zafin hali, kusan babu abin da yake ƙyalewa. Kulorin iska ce ita ma, tsakanin kore da ruwan ɗorawa. Buromin ruwa ne ja mai duhu, mai tururi. Aidin kuwa daskararre ne, baƙi-baƙi mai ƙyalli. Ana sauka ƙasa jiki na ƙara girma da nauyi, launi na ƙara duhu, zafin hali na raguwa.

"Kun san barkono," in ji shi. "Wanne ya hi yaji, ɗan ƙaramin ko tattasai? To haka nan. Ƙaramin yana riƙe abin da ya kama kusa da cikinai, shi ya sa kamunai ya hi ƙarhi. Na sama kuma yana iya korar na ƙasa daga mazauninai. Na ƙasa ba ya iya korar na sama. Ku duba."

Ya ɗiga aidin a kofin ruwa, ruwan ya yi ja-ja. Ya barbaɗa garin bitamin kaɗan-kaɗan yana juyawa har launin ya ɓace, ya ce aidin bai tafi ko'ina ba, ya samu ilektoron ɗinsa ne ya kwanta. Ya zuba ruwan koko, babu abin da ya faru. Sannan ya ɗiga bilic. A ɗigo na farko shiru, a na gaba sai ga shuɗi mai duhu yana bazuwa a kofin kamar an jefa shuni a rijiya. Kulorin da ke cikin bilic ya ƙwace abin da aidin ya riƙe, ya fito da shi fili, aidin kuwa in ya fito ya taɓa koko shuɗi yake komawa. 'Yan bayan aji suka taso suka hau benci. Ya ɗauki wani kofin mai ruwan gishiri, ya ɗiga masa aidin, aka jira, aka jira, babu abin da ya sauya. Aidin ba ya iya tayar da kulorin daga cikin gishiri.

Wata ɗaliba mai suna Kausar ta ce, "Malam, a ƙara bilic ɗin mu ga ko zai hi haka duhu."

Ya ƙara, da yawa, don shi ma yana son gani. Shuɗin ya dushe, ya ɓace gaba ɗaya, kofin ya koma fari. Ajin ya juyo gare shi. Mainasara ya dubi kofin, ya dubi gorar, ya ce, "Wanga ban san shi ba. Amma zan sani."

Mako guda bai ci abinci a zaune ba. Ya bincika littattafansa, ya bincika waya, ya je har Sakkwato wurin wani tsohon malaminsa, kafin ya gane cewa idan kulorin ya yi yawa ba ya tsayawa a korar aidin, ci gaba yake da cinsa har ya mai da shi wani abu marar launi. Ya dawo ya faɗa wa ajin. Daga nan yaran suka sa masa suna Malam Kulorin, ya ji, bai hana ba. Abin da ke damunsa shi ne sunan ya fi ƙarfinsa. Yana yawan cewa gani ya kori ji, ga shi har yau bai taɓa ganin iskar da ake kiransa da sunanta ba.

A wajen wannan lokaci ne Rahamatu ta koyi haɗa sabulun ruwa a wani horo da aka yi wa mata. Ta ƙara da bilic da ruwan wanke ban ɗaki, tana zubawa a gorunan da aka sha ruwa aka yar, ana kai mata kasuwannin Shagari da Bodinga. Sana'ar ta karɓe ta. Wata maƙwabciyarsu, Binta, ta fara shigowa tana koyo. Mainasara ya taɓa gaya wa matarsa cewa bilic da ruwan wanke ban ɗaki ba sa haɗuwa, don na biyun asid ne, idan ya taɓa bilic yakan saki kulorin. Ya faɗa ne yana sa takalmi, ta ce ta ji, ya fita. Binta ba ta nan ranar.

Wata Asabar cikin damina, da hantsi, matan biyu suna aiki a tsakar gida sai hadari ya haɗo daga gabas. Suka ja bokitai da jarkoki cikin ɗakin ajiya, inda Inna ke zaune a ƙasa tana ɓarar gyaɗa. Rahamatu ta ruga kwashe shanya. Binta tana neman jarka wadda babu komai a ciki, ta ga wata da saura kaɗan a gindi, ruwa fari kamar na bokitin bilic, sai ta juye shi a bokitin don ta samu jarkar, ba ta san ruwan wanke ban ɗaki ba ne.

Mainasara yana zaure yana jiran ruwan ya tsagaita, yana leƙa waje yana komowa. Tarin Binta ya fara ji, sannan ta faɗo tsakar gida tana riƙe da maƙogwaro, idanunta na zubar da hawaye, ba ta iya magana, sai nuna ɗakin take. Warin ya iske shi kafin ya ƙarasa, warin bilic ne amma an ninka shi, mai yanka hanci. Bai buƙaci a faɗa masa ba. Abin da ya faɗo masa shi ne abin da ya sha rubutawa a allo: kulorin ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Inna kuma a ƙasa take, da wuyan da dama numfashi ke wahalar wucewa.

Ya ja numfashi ya riƙe, ya shiga. Ya tarar da ita ta dafa ƙasa tana ƙoƙarin tashi, gyaɗar ta watse. Ya sungume ta kamar buhun da ba a cika ba, ya fito da ita cikin ruwan sama, ya ce wa Rahamatu ta tuɓe mata mayafi ta wanke mata ido da fuska, kada kowa ya matso kusa da ƙofar. Daga nan ya sake jan numfashi ya koma, da niyyar ya tura tagar ɗakin ya buɗe, don iska ta ratsa.

Ya tura tagar. Haske ya faɗo a kan bokitin. Ruwan ciki na tafasa ba wuta, a samansa kuma wani abu yana kwance, ba hayaƙi ba ne, ba tururi ba ne, launinsa kamar ganyen albasar da ya fara bushewa. Yana cika bokitin, yana gangarowa ta baki a hankali kamar kunu, yana bin ƙasa. Daidai yadda littafi ya ce, kuma ba kamar yadda ya zata ba.

Mutumin da bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba, a nan ya tsaya. Ba wani dogon lokaci ba ne, amma ya fi ƙarfin numfashin da ya riƙe. Ƙirjinsa ya buɗe da kansa, ya shaƙa.

Da rarrafe ya fito. Nasiru, ma'aikacin lafiya da ke bayan layinsu, shi aka kira. Ya duba Inna ya ce da sauƙi, an fito da ita da wuri. Ya saurari ƙirjin Mainasara, wanda ke ta cewa shi lafiya lau yake, tari ne kawai, ya ce:

"Malam, kai ka san abin ga ya hi ni. Yanzu kana magana, an jima ba ka iyawa. Tashi mu tai Sakkwato."

Haka kuwa aka yi. Kafin su kai Bodinga numfashinsa ya koma yin ƙara kamar ana fito, kafin su shiga asibiti leɓɓansa sun sauya launi. Ya kwanta da robar iska a hanci, kwanaki yana jin kamar an cika masa ƙirji da yashi mai zafi. Rahamatu tana gefen gadon. Ba ta yi masa tambaya ba sai da aka cire robar, ya fara shan ruwa da hannunsa.

"Malam, ka riga ka hiddo Inna. Mi yam maishe ka ciki?"

"Taga," in ji shi da muryar da ta dushe.

"Taga ba ta ɗaukar wanga lokaci. Ina tsaye ina kallon ƙohwa."

Ya dubi silin, ya ce, "Na gan shi, Rahamatu."

Ta gyara masa mayafin gado, ta ce, "To, ka gani. Allah shi sa ya ishe ka."

Ya warke, amma ba duka ba. Muryarsa ba ta ƙara kai bayan aji ba, idan ya yi dogon bayani tari ke yanke shi, hayaƙin girki ma ya zama abokin gabarsa. Shugaban makaranta ya rage masa azuzuwa, sai na safe. Ya zamana daga azahar ba shi da abin yi, kuma wannan ya fi tarin damunsa. Yakan kewaye tsakar gida kamar kazar da ke neman wurin ƙwai, har Inna ta ce jiri yake sa ta.

Rahamatu ta so ta bar sana'ar. Labari ya bazu cewa kayanta ne suka kusa kashe mijinta, masu saye suka ja baya. Shi ne ya hana. Ya sayo jan fenti ya shafa wa duk jarkar asid a wuya, ya kafa mata rumfa a fili, ya ce ko ana ruwan ƙanƙara kada a ƙara shigar da bokiti ɗaki. Yana cikin shafa fentin ne ya fara lissafin matan da suka yi horon nan tare da ita, da waɗanda su kuma suka koya wa, a Shagari da Mandera da Sifawa da ƙauyukan da ke tsakani. Kowace da jarkokinta farare iri ɗaya, kowace da ɗakin ajiya, da damina. Ya ajiye burushin ya tashi.

Matsalar ita ce shi namiji ne, ba ya shiga gidajen matan aure. Binta kuwa tun ranar ba ta ƙara taka gidansu ba, ko a hanya ta hango Rahamatu sai ta sauya lungu. Ya je ya yi sallama da mijinta a ƙofar gida, suka gaisa, ya ce yana roƙon a bar ta ta riƙa raka Rahamatu. Binta tana bayan zana tana ji, ta ce cikin kuka ita ba ta da bakin yi wa kowa gargaɗi.

"Ke kina da shi hiye da kowa," in ji Mainasara. "Ni labari nika badawa. Ke hannunki ya zuba, idonki ya gani. Kuma ba ki san ba su haɗuwa ba, don ni da nas sani ban tsaya na hwaɗa miki ba."

Ta yarda. Tun daga nan, ranakun da babu makaranta, su uku suke fita da gwangwanin jan fenti. Matan su shiga cikin gida, shi ya tsaya a waje yana zirga-zirga a gindin bango. In tambaya ta gagare su Rahamatu ta leƙo zaure ta faɗa masa, ya ba da amsa a taƙaice tsakanin tari, ta koma da ita. Wasu gidajen sun karɓe su da hura, wasu sun ce baƙin ciki ne ya kawo su, suna son kashe wa mutane kasuwa. Bai tsaya jayayya da kowa ba, gida na gaba yake nufa.

A wani ɗan ƙauye bayan Mandera, yana wannan jira a ƙofar gidan mai unguwa, yara suka kewaye shi suna dariyar yadda yake kaiwa da komowa. Ya lura da haƙoransu. Kusan dukansu da ɗigo-ɗigo, wasu farare kamar alli, wasu ruwan ƙasa, kuma ba su kai shekarun cin goro ba. Ya dubi samarin da ke gyaran amalanke a gefe, nasu lafiya lau. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa gaban mai unguwa.

"Allah shi ba ka nasara, in ba za a ga rashin kunyata ba, ina da tambaya. Yaran ga, wane ruwa suka sha tun suna goye?"

Dattijon ya ce na rijiyar burtsatse ne, wadda aka haƙa bayan tsohuwar rijiyar gari ta ƙafe. Su manya da ruwan tsohuwar suka girma. Ya ce su ma sun lura, sun ɗauka zaƙi ne ya yi wa yaran zamani yawa.

Mainasara ya ce yana iya yiwuwa. Ya ce amma akwai wani sinadari, fulorin, wanda a wasu wurare yake narkewa daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa ya shiga ruwa. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, idan ya yi yawa kuma yakan ɓata haƙorin yaro tun yana tsirowa. Ya ce shi bai tabbatar ba, ido ba ya ganinsa, harshe ba ya jinsa, sai an auna, don haka kada a tayar wa kowa da hankali tukuna.

"To wa ka aunawa?" in ji mai unguwa.

"Sakkwato, ranka shi daɗe. In an yarda mini in ɗiba."

Aka yarda. Ya wanke gora sau da yawa da ruwan rijiyar, ya cika ta har baki, ya rufe. Ya aika a gaya wa Rahamatu su ƙarasa gidajen da suka rage su koma tare da Binta, shi ya yi gaba. Ta aiko masa da cewa yau Asabar ce, babu wanda zai samu a wurin aiki, ya bari sai Litinin. Saƙon bai same shi ba, ya riga ya hau babur zuwa Shagari.

A tasha ya samu mota da saura mutum uku ta cika. Ya shiga ya zauna da gorar a tsakanin gwiwoyinsa. Direba ya ce a yi haƙuri, yanzu za a tashi. Mainasara ya yi tari, ya ɗaga gorar ya duba ta a hasken rana, ruwa ne garau, babu abin da ya nuna. Ya buɗe ƙofa ya fito, ya shiga taya yaron mota kiran fasinja da ragowar muryarsa.